Yadda siffofi ke yi wa mai karatu jagora a shafukan intanet

Kafin mutum ya karanta ko da kalma guda a shafin intanet, idonsa ya riga ya tsinkayi siffofin da ke ciki, kuma su ne ke nuna masa inda zai latsa.

Alwatika mai fuskantar dama tana nufin a kunna sauti ko bidiyo, alamar da aka gada daga rikodar kaset. Layuka uku da aka jera bisa juna kuwa suna ɓoye jerin sassan shafi, kuma Norm Cox ne ya zana su domin kwamfutar Xerox Star wadda ta fito a 1981.

Ga wanda ba ya jin Turanci, sau da yawa waɗannan alamomi ne kaɗai jagoransa.

Da'ira da kusurwa

Masu tsara shafuka kan zuba labarai cikin murabba'i domin yana nuna tsari, su kuma keɓe da'ira ga fuskokin mutane. A 2017 kamfanin Twitter, wanda ya koma X a 2023, ya mayar da hotunan masu amfani da shi daga murabba'i zuwa da'ira.

Wani bincike da Moshe Bar da Maital Neta suka wallafa a Amurka a 2006 ya gano cewa mutane sun fi son abubuwa masu lanƙwasa a kan masu tsini, abin da suka danganta da yadda ƙwaƙwalwa ke ɗaukar tsini a matsayin barazana.

Wannan na cikin hujjojin da ake kafawa wajen daddaƙe kusurwoyin maɓallai.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai kwalliya kan jawo asara. A 2013 kamfanin Apple ya fitar da manhajar iOS 7, inda maɓallai da dama suka rasa inuwa da iyaka, suka zama rubutu zalla. Shafukan intanet da yawa sun bi wannan salo.

A 2017 cibiyar Nielsen Norman Group ta bi diddigin idon masu karatu, ta kuma gano cewa sukan ɓata ƙarin lokaci da kashi 22 cikin ɗari a shafukan da abin latsawa bai fito fili ba.

Akwai kuma masu amfani da siffa domin yaudara. Sukan yi wa maɓallin amincewa ƙaton akwati mai launi, su bar na ƙin amincewa a ƙaramin rubutu, ko su ƙawata talla da siffar maɓallin sauke fayil.

Saboda haka girman maɓalli ba shaida ba ce cewa shi ne alheri ga mai karatu. Ya kyautu a karanta abin da ke rubuce a kansa kafin a latsa, musamman idan ana batun kuɗi ko bayanan sirri.