Tun Kafin Allo: Yadda Yaro Ke Sanin Allah

A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Tiga, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, akan yi wa jariri kiran salla a kunne tun kafin ranar suna. Bai san me ake ciki ba, amma karatu ya fara. Yana goye uwarsa ke ruku'u da sujada, yana jin bisimillarta kafin ta zubar da ruwan zafi a tsakar gida. Da ya fara tafiya sai ya lallaɓo gefen ubansa a kan tabarma, ya dungura goshi a ƙasa, yana satar kallon ko an gan shi. Kafin a danƙa shi hannun malam ya fara babbaƙu da farfaru, tuni kunne da ido sun yi aikinsu.

Masana halayyar yara sun bi diddigin wannan. A shekarar 2001, Justin Barrett da abokan aikinsa a Amurka sun nuna wa yara kwalin biskit da aka zuba duwatsu a ciki, suka tambaye su: me Mama za ta zata yana ciki, Allah kuma fa? 'Yan shekara 3 suka ce duka biyun sun san duwatsu ne. 'Yan shekara 5 kuwa suka ce Mama za ta ruɗu, amma Allah ya sani. Ke nan shekara biyu kafin a umarci yaro da salla, ya riga ya bambance sanin mutum da sanin Ubangiji.

Shi ya sa abin ke damuna idan na ji ana ta tsorata ɗan shekara 4 da wuta da aljanun magariba don kawai ya yi shiru. Yaro a wannan ƙuruciyar ba ya tace magana. Abin da babba ya faɗa, shi ke nan. Rabin azumin da kaka ke lallashinsa ya yi, ta ce za ta haɗa masa da na gobe, ya fi bulala kama zuciya.

A Tudun Wada da Doguwa akwai gidajen Hausawa Kiristoci da na Maguzawa. 'Ya'yansu ma ta wannan hanya suke ɗauka, a bayan uwa da bakin murhu. Tare suke kiwon awaki da 'ya'yan Musulmi, kuma da yamma kowa kan koma gida da tambayar me ya sa abokinsa ke bauta daban.