Kafin ka sauya kamshaf, ka tuna da birki

Idan kana da matashi mai son mota a gida, da wuya a ce bai taɓa nuna maka bidiyon wata tsohuwar Chevrolet ta Amurka ba, tana tsaye tana girgiza, injinta na bugawa gud-gud, gud-gud kamar ganga. Wannan ƙarar ce ke sa samari su fara lissafin kuɗi. Sirrinta ƙarfe ɗaya ne a cikin inji, wato kamshaf: an cire na kamfani an sa na tsere. Abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne wahalar da ƙafar direban ke sha a kan birki.

Kamshaf sanda ne mai ƙananan tozaye a jikinsa. Yana juyawa sau ɗaya duk lokacin da inji ya juya sau biyu, tozayen kuma su ke danna bawul su buɗe, ɗaya don shigar iska da mai, ɗaya don fitar hayaƙi. Idan mota na sulo, ƙofar totur kusan a rufe take, amma fistin na ci gaba da jan iska. Wannan jan shi ke haifar da zuƙa a cikin manifol, abin da makanikai ke kira bakyum. Lafiyayyen injin fetur na kamfani kan ba da tsakanin inci 17 zuwa 21 a agogon awo.

To, ina ruwanka da wannan zuƙar? Buɗe bonet ka duba bayan robar man birki. Za ka ga wani baƙin abu zagayayye kamar tukunya, da tiyo da ya haɗa shi da inji. Shi ne busta, kuma da zuƙar nan yake ninka ƙarfin ƙafarka. Shi ya sa uwargida ke iya tsayar da motar da ta fi tan guda nauyi ba tare da ta yi nishi ba.

Kamshaf na tsere yana barin bawul a buɗe na tsawon lokaci, har a samu ɗan lokacin da na shiga da na fita duk suna buɗe tare. A gudun inji mai yawa, kamar juyi 5,000 a minti, wannan riba ce, domin silinda na cika da iska sosai. A sulo kuwa asara ce. Hayaƙi na komawa baya cikin manifol, zuƙa ta faɗi zuwa inci 10, wani lokaci 8. Girgizar nan da samari ke sha'awa, inji ne ke fama da numfashi. Shi kuwa busta yana son aƙalla inci 14 zuwa 16. Taka birki na farko zai kama. Na biyu da na uku, a cunkoson bakin kasuwa ko ƙofar makarantar yara, sai ka ji kamar dutse kake takawa.

Idan har an dage sai an sauya, lambobi biyu za ka nema a takardar da ke zuwa da kamshaf ɗin. Na farko tsawon buɗewar bawul, wanda ake aunawa da digiri a ɗagawar inci 0.050. A injin V8 mai lita 5.7, digiri 210 zuwa 220 bai cika taɓa birki ba, amma da an haura 230 sai a fara ganin matsala. Ƙaramin inji ya fi saurin jigata da lamba iri ɗaya. Na biyu tazarar da ke tsakanin tozon shiga da na fita: digiri 112 zuwa 114 na barin zuƙa da sulo mai natsuwa, 106 zuwa 108 kuma na cinye ta.

Ka sa garinku ma a lissafi. Duk hawan mita 300 na rage kusan inci guda, don haka motar da ke ba da 14 a Legas za ta sauka wajen 10 a Jos. A motoci masu kwamfuta kuma, na'urar da ke auna iskar manifol kan ɗauka an taka totur ne, sai ta ƙara mai. Da tsadar fetur ta yanzu, wannan kaɗai ya isa a sake tunani.

Akwai magani, amma da kuɗinsa: tankin ajiye zuƙa, ko famfon zuƙa na lantarki, ko busta mai aiki da man sitiyari. Motocin dizal dama da famfonsu suke zuwa. Honda kuwa tun 1989 ta ɓullo da VTEC, inda kamshaf ɗaya ke da tozo na zirga-zirgar gari da na gudu. A ganina, motar da ke kai yara makaranta a bar mata na kamfani.

In kuma an riga an sauya, yi wannan gwajin kafin kowa ya shiga. Kashe inji, taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, riƙe shi, sannan ka tayar da mota. Ya kamata ka ji ya ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarka. Idan bai motsa ba, kada motar ta hau titi sai makanike ya sa mata agogon awo.