Wace Alama Ce Doka Za Ta Yarda Ta Zama Taka Kai Kaɗai?

Idan uwar gida ta aiki yaro kanti, ba ta ce masa ya karanto sunan kamfani. Cewa take yi, "Ka ce a ba ka magi mai tauraro." Mai kanti ma ba ya neman ƙarin bayani, hannu kawai zai miƙa. Haka cinikinmu yake tun da can: mai saye hoto yake riƙewa, ko launi, ko siffar kwalba, ƙananan rubutun jikin kwali kuwa ya bar wa masu lokaci. Wannan abin da ido ke kamawa har a zaro kuɗi shi doka ke kira alamar kasuwanci. Dukiya ce kamar rumfa ko mota. Ana sayar da ita, ana ba da hayarta, ana gadonta, kuma ana satarta.

Ga ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram, da na Garwa a Kamaru, da na Njamena, dokar da ke magana a kan wannan ba ta ƙasarsa ba ce ita kaɗai. Ƙasashe 17 ne, galibinsu rainon Faransa, suka haɗa kai a ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Akwai Nijar da Chadi da Kamaru da Binin da Togo da Mali da Burkina Faso da Senegal a ciki. Tushen dokarsu shi ne Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1999, aka sake yi mata wani a Bamako a 2015, sashen alamomin kasuwanci na sabon gyaran kuma ya fara aiki a farkon 2022. A waɗannan ƙasashe babu rajistar alama ta ƙasa ɗaya. In ka yi rajista sau ɗaya ta game duka sha bakwai ɗin, tana aiki shekara 10, kana sabunta ta duk lokacin da wa'adi ya cika.

To, me za ka iya kaiwa? Dokar ta ce duk alamar da ido ke gani ko kunne ke ji, muddin tana bambanta hajar wani ko aikinsa da na sauran mutane. Maganar kunne sabuwa ce, domin rubutun 1999 a kan abin da ake gani kawai ya tsaya.

Suna ne kan gaba, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Kalma ɗaya, ko jerin kalmomi, ko sunan gida irin Dangote, ko sunan da ka ƙago wanda ba shi da ma'ana a kowane harshe, duk suna shiga. Haruffa ma haka, kamar MTN, har da lambobi. Wanda ya san zamanin Fijo 404 da 504 a tashoshinmu zai gane ƙarfin lamba: kamfanin Peugeot ya riƙe lambobi uku masu sifili a tsakiya har ta kai a 1964 kamfanin Porsche ya sauya sunan sabuwar motarsa daga 901 zuwa 911. Amma a lura da batun sunan gida. In sunanka Garba ka yi rajistar "Garba" a kan man gyaɗa, hakan bai ba ka ikon hana duk wani Garba rubuta sunansa da adireshinsa a kan kayansa ba, matuƙar da zuciya ɗaya ya yi, ba don mutane su ɗauka kayanka ne ba.

Sai zane da hoto: tambari, hatimi, takardar da ake liƙawa a jikin kaya, rubutun da ya taso a jikin kwalba ko sabulu wanda yatsa ke ji, da ɗan hoton nan mai walƙiya da ke sauya launi in an juya shi. Abin da ya fi burge ni a jerin shi ne yadda dokar ta ambaci gefen yadi da sunansa. Duk macen da ta taɓa sayen atamfa ta san dalili. Kafin ta tambayi kuɗi sai ta buɗe turmin ta duba bakinsa, domin a nan masaƙa ke rubuta sunanta da lambar zanen, a nan ake gane 'yar Holan da wadda ta yi shigar 'yar Holan. Masu jabu ma a nan suke fara aiki. Shi kuwa adon da ke tsakiyar atamfar, furanni ne ko tsuntsaye, wani sashe na daban ne a yarjejeniyar ke kare shi, na zane-zanen masana'antu, da rajistarsa ta daban.

Siffar kaya ko ta mazubinsa ita ma tana iya zama alama. Kwalbar Coca-Cola mai siririn ƙugu ko a duhu ka taɓa ta ka san ta. Sai dai jarkar da kowane mai man ja ke zubawa a ciki ba ta nuna kowa, don haka ba ta zama ta kowa. Launi ma haka yake. Dokar ta karɓi tsarin launuka, da haɗinsu, da wani takamaiman nau'in launi. A ganina wanda ya je da "ja" kawai ya ce nasa ne, wahala zai sha, domin launuka kaɗan ne, 'yan kasuwa kuwa ba su ƙirguwa. Wanda ya je da ja da ruwan ɗorawa a wani tsari da ya daɗe yana bugawa a buhunsa ya fi shi hujja nesa ba kusa ba.

Sauti shi ne baƙon da ya shigo tare da sabon gyaran. Ɗan kiɗan da wayar Nokia ke yi, ko rurin zakin da ke buɗe finafinan kamfanin MGM na Amurka, su ne misalan da duniya ta sani. Yanzu gidan rediyo a Yamai ko kamfanin aika kuɗi ta waya yana iya neman rajistar gajeren kiɗan da aka san shi da shi, haka ma ɗan hoto mai motsi haɗe da sautinsa. An kuma yarda a kai jerin alamomi masu tushe ɗaya da ɗan bambanci a tsakaninsu.

Hanci da harshe ba su samu shiga ba. Matan Chadi da na Diffa da suka gaji haɗa humra da turaren wuta, ƙamshin da ya sa ake binsu har gida ba ya rajistuwa a matsayin alama, tunda ba a ganinsa ba a jinsa da kunne. Yajin mai kilishi ma haka. Abin da za su iya karewa shi ne suna da kwalba da tambari, sirrin haɗin kuwa sai dai a ci gaba da riƙe shi a ciki kamar yadda kakanni suka yi.

Shiga jerin nan bai isa ba. Babban sharaɗi shi ne alamar ta nuna mutum ɗaya. Mai sayar da zuma ba zai yi rajistar kalmar "Zuma" a kan zuma ba, domin in aka ba shi, da me sauran masu zuma za su kira abin da ke cikin gorarsu? "Shinkafa Mai Kyau" da "Ruwa Mai Sanyi" duk layinsu ɗaya: bayanin kaya ne, kowa na da haƙƙin faɗinsa. Amma wanda ya sa wa takalma suna "Zuma" ya yi daidai, don babu abin da ya haɗa takalmi da zuma sai shi. Dalilin ke nan da giwa ke zama alama mai ƙarfi a buhun siminti, tuffa kuma a bayan waya. Yawancinmu mun fi son sunan da ke yabon kaya, alhali sunan da ba ruwansa da kayan shi ya fi sauƙin karewa. Kada kuma wani ya yi dabarar cewa kalmar Hausa ce, masu dubawa a Yawunde ba za su gane ba. Ko ta wuce su, abokin hamayya na iya zuwa kotun ƙasarsa ya nemi a soke ta, alƙalin Maraɗi kuwa ya san ma'anar zuma.

Akwai wani haɗari ta ɗaya gefen, na sunan da ya yi farin jini fiye da kima. A bakinmu duk garin wanki omo ne, duk dunƙulen miya magi ne, ko wane kamfani ya yi shi. Masu waɗannan sunaye suna da rajistarsu, amma kullum cikin faɗa suke kada sunan ya narke ya koma sunan kayan gaba ɗaya.

Sauran dalilan ƙi a bayyane suke. Ba a karɓar alamar da ta saɓa wa doka ko tarbiyya ko zaman lafiyar jama'a. Ba a karɓar tutar ƙasa, ko tambarin gwamnati, ko na ƙungiyar ƙasa da ƙasa, ko hatimin hukumar duba ingancin kaya, sai da izinin masu shi. Ba a karɓar alamar da ke yaudarar mai saye game da asalin kaya ko irinsu, kamar a rubuta sunan Makka a kan turaren da aka haɗa a bayan gida, ko a zana saniya a kan man da babu ɗigon nono a cikinsa. Sannan ba a karɓar wadda ta yi daidai da ta wani da ya riga ka, ko ta yi kama da ita har mai saye ya ruɗe. Sauya harafi ɗaya, ko mai da zaki damisa a bar sauran kwalin yadda yake, ba ya fid da mutum. Ana dai duba irin kayan: an kasa hajoji da ayyuka aji 45, 34 na kaya, 11 na ayyuka, kuma kariyarka tana bin abin da ka lissafa a takardarka. Suna ɗaya na iya zama na mai sabulu da na mai tayar mota ba tare da rigima ba, sai fa in sunan ya shahara sosai. Bayan an buga buƙatarka a mujallar ƙungiyar, duk mai ƙorafi yana da wata 3 ya shigar.

To, ina sunan gari? Galmi ba ta mutum ɗaya ba ce, don haka manomi ɗaya ba zai mallake sunan a kan albasa ba. Hanyar da aka bi ita ce ta alamar asalin wuri, wadda ke da nata sashe: albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu wannan rajista a OAPI, kamar yadda barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru suka samu tun 2013. Akwai kuma alamar gamayya, wadda ƙungiya ke riƙewa, 'ya'yanta su yi amfani da ita bisa ƙa'idar da suka rubuta. Ta wannan hanya aka bi da cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi. Ga masu sana'ar hannu da ba su da ƙarfin biyan kuɗin rajista ɗaya-ɗaya, ina ganin wannan ce ƙofar da ta fi dacewa da su.

Najeriya ba ta cikin OAPI. Tana da dokarta ta 1965 da ofishin rajistarta a Abuja, inda rajistar farko ke yin shekara 7, sabuntawa kuma 14. Gyaran da aka sa wa hannu a 2023 ya fito fili ya shigar da ayyuka, da siffar kaya, da mazubi, da haɗin launuka. Abin da ya shafi mai fatauci shi ne, takardar Abuja ba ta tsallake iyakar Jibiya, ta Yawunde kuma ba ta tsallake iyakar Ɗan Isa. Bakanon da kayansa suka karɓu a Maraɗi, in bai yi rajista a OAPI ba, wani na iya riga shi kai sunan, domin a can wanda ya fara shigar da takarda shi ke da rinjaye. Tunda kuma yana zaune a wajen ƙasashen ƙungiyar, sai ya bi ta hannun wakilin da ta amince da shi. Takardar CAC ta sunan kamfani da lambar NAFDAC, da mutane da yawa ke ɗauka sun wadatar, kowacce aikinta daban, babu wadda ta mallaka maka alama ko a cikin Najeriyar.

Wanda ya samu rajistar OAPI kuma kada ya jefa takardar a akwati ya manta. In alamar ta yi shekara 5 a jere ba a yi ciniki da ita a ko ɗaya daga ƙasashen ba, kuma babu wani uzuri karɓaɓɓe, duk mai sha'awar sunan yana iya neman a share ta. Rasit, da tsofaffin kwalaye, da hoton talla mai kwanan wata, su ne shaidun da za a nema a ranar.