Bayan Ranar Dashe, Wa Ke Shayar da Itacen?

Dasa itace ba shi da wuya a Sakkwato. Da damina ta kama, hukuma ta raba dashe, manya su kama shebur a ɗauki hoto. Wuyar tana watan Afrilu, sa'ad da zafi ya haura digiri 40, ƙasa ta yi tauri, jar akuyar nan tamu da fatarta ta yi suna a duniya ta fito neman ɗanyen ganye. Dashen da ba mai shi, kafin azahar ya zama tsinke.

Jihar Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin nan na shingen itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya ratsa a Nijeriya. Amma shirin ba zai leƙo harabar masallacin Mabera ko bakin maƙabarta a Runjin Sambo kullum ba. Wannan aikin gayya ne. Mai unguwa ya raba itatuwa gida-gida, samari su kewaye kowanne da ƙaya, a karkato ruwan alwala zuwa gindinsu maimakon ya bi kwata. Rani biyu kawai ake so a tsallake. Saiwa ta kama, itace ya ci gashin kansa.

Sai dai a daina cika ko'ina da dogon yaro. Inuwarsa ba laifi, amma tsuntsu na son abinci iri-iri a lokuta daban-daban. Kurna da ɓaure da tsamiya da aduwa suna ciyar da tsuntsaye, jemage da ƙudan zuma. Gawo kuwa sai rani yake ganye, daidai lokacin da sauran suka kaɗe. Manyan itatuwa ne shamuwa ke nema ta yi sheƙa in ta iso da farkon damina. Ungulu, wadda a da ke cika mahauta, tun 2015 tana jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, ita ma a dogon itace take kwana.

Ba ma dole sai an dasa sabo ba. Manoman Maraɗi, tun shekarun 1980, suke barin tohon tsofaffin kututture su gyara shi har ya girma, abin da ya farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Kututturen da ke toho a bakin fadamar Rima ma kariya kaɗai yake jira, daga gatarin masu icen girki, tsuntsayen da za su sauka a kansa kuma daga yaran da ke yawo da danƙon harbin tsuntsu.