Ko Kun Sani? Mabuɗin Cocin Ƙudus Yana Hannun Musulmi

Duk Kiristan da ya je ziyarar Ƙudus, Musulmi ne suka buɗe masa ƙofar Cocin Kabari Mai Tsarki: mabuɗin yana hannun zuriyar Joudeh, zuriyar Nuseibeh ke buɗewa. Abin yana da asali. Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, amma sun ɗauki maziyarci baƙo mai haƙƙi, har Sarki Salahuddin ya amince a wata yarjejeniya ta 1192 Kiristoci su shigo birnin ba makami. Wani zai ce ai Halifa al-Hakim ya rushe cocin a 1009. Haka ne, sai dai ɗansa al-Zahir ne ya yarda a sake gina shi, aka kammala a 1048.