Me Ya Kawo Talla Cikin Darasin Rubutu A Jami'o'in Amurka?

A yawancin jami'o'in Amurka, ɗalibin shekarar farko sai ya ɗauki darasin rubutu, ko da injiniyanci ya zo karantawa. Al'adar ta samo asali daga jami'ar Harvard a ƙarshen ƙarni na 19.

Yanzu malamai da dama kan shigo aji da abin da matasa ke karantawa dama: sharhin jarida, labaran zane, tallace-tallace. Dabara ce mai kyau, domin ɗalibi ba ya jin tsoron abin da ya saba da shi. Sai a auna kowanne da ma'aunin balaga na Aristotle, masanin falsafar Girka: mutuncin mai magana, taɓa zuciya, da hujja. Ɗalibi ya tsefe tallan lemo, ya tarar murmushin iyali ne ke sayar da shi, hujja kuwa babu. Daga nan malami ya miƙa masa maƙalar da ɗalibin ya rubuta da kansa, ya ce ya nuna inda hujjarsa take.