Minti Biyar Na Farko: Abin Yi Idan An Buɗe Wuta Cikin Taro

Ranar 16 ga Afrilu, 2007, ɗaliban da ke ɗaukar darasi a hawa na biyu na ginin Norris, a Jami'ar Virginia Tech ta Amurka, suka fara jin wata ƙara a jere. Da yawansu sun ɗauka leburori ne ke buge-buge a wani gini da ake aiki kusa da su. Ashe wani ɗalibi ne ya ɗaure manyan ƙofofin ginin da sarƙa, yana bin aji-aji yana harbi. A aji mai lamba 205, ɗaliban suka jawo wani babban tebur suka tokare ƙofa, suka kwanta ƙasa suna danne da shi. Maharin ya turo ƙofar ta ƙi buɗuwa, ya yi harbi ta jikinta, ya wuce. Babu wanda ya mutu a ajin nan. A aji na 204 kuwa, wani dattijon malami mai shekara 76, Liviu Librescu, ya tare ƙofa da jikinsa, ɗalibansa suka riƙa dira ta taga. Shi ya rasa ransa, amma galibinsu sun tsira. Mutum 32 aka kashe a jami'ar a ranar.

Na fara da wannan labari ne saboda abu guda da ya nuna: kafin jami'an tsaro su iso, mutanen da ke wurin su ne kaɗai ke iya yi wa kansu wani abu. A 2014 hukumar FBI ta fitar da nazarin hare-hare 160 irin wannan da aka kai a Amurka daga 2000 zuwa 2013. Cikin waɗanda aka iya tantance tsawon lokacinsu, kusan kashi 70 cikin 100 sun ƙare a minti biyar ko ƙasa da haka, 23 ma ba su wuce minti biyu ba. Wani lokacin kuma jami'an kan iso amma ba su shiga ba. A makarantar firamare ta garin Uvalde a jihar Texas, a watan Mayun 2022, jami'ai sama da 370 suka taru, amma sai da aka shafe minti 77 kafin a kutsa ajin da maharin yake. Yara 19 da malamai biyu suka mutu.

Babban abin da ke cinye wannan ɗan lokaci shi ne musu da zuciya. Mutum ya ji ƙara sai ya ce tayar mota ce ta fashe, ko salansar babur ce, ko yara ne ke wasan wuta. Ya dubi na kusa da shi, ya ga bai motsa ba, shi ma ya zauna, alhali wancan ɗin shi ma shi yake kallo. Mu kuma muna da ƙarin wata ɗabi'a: da an ji hayaniya sai a nufi wurin don a gane wa ido, yanzu ma har da ɗaga waya ana ɗaukar bidiyo. Garin kallon ruwa ne kwaɗo kan yi wa mutum ƙafa. In ka ji abin da ya yi kama da harbi, ɗauke shi harbi ne har sai ka tabbatar ba shi ba ne. In ya zama taya ce, abin da ka yi asara bai wuce ɗan haki da dariyar abokai ba.

A 2012 hukumomin birnin Houston suka fitar da wani ɗan gajeren fim da ya yaɗa shawarar da ta shahara a Amurka: ka gudu, in babu hanya ka ɓuya, in ɓuya ta gagara ka yi faɗa. Jerin yana da ma'ana, domin gudu shi ne gaba da komai. Amma gudun ceton rai yana da ƙa'ida. Ka bar jaka, ka bar kaya, ka bar takalmi. Wanda ya taɓa ganin ƙofar masallaci bayan sallame Juma'a ya san yadda mutum ɗaya da ya sunkuya neman takalminsa kan tsayar da sahu guda a bayansa. Ka ja na kusa da kai, amma in ya toge kada ka tsaya jayayya da shi. Kuma yawancin mutane ƙofar da suka shigo ta ita suke nufa, nan ake turmutsitsi, nan ne kuma maharin ya fi sa ido. A harin Babban Masallacin Kano na ranar 28 ga Nuwamba, 2014, wanda ya ci rayuka sama da ɗari, bama-bamai suka fara tashi, sannan 'yan bindiga suka buɗe wuta kan masu neman tsira. Shi ya sa nake ganin al'ada mafi amfani ita ce mafi sauƙi: duk inda ka shiga, kasuwa ko zauren biki ko ɗakin jarrabawa, ka ɗaga ido ka nemi mafita ta biyu kafin ka zauna. Taga ma mafita ce, haka katanga gajera.

Ɓuya kuwa iri biyu ce, kuma mutane kan rikita su. Labule, ƙofar katako, langa-langa da ƙofar mota suna ɓoye mutum daga ido, amma harsashi ratsa su yake yi. Abin da ke tare harsashi shi ne ginshiƙin kankare, katanga mai kauri, tudun ƙasa, ko wajen injin mota. In ɗaki ka samu, ka kulle, ka tokare ƙofar da duk wani abu mai nauyi, ka kashe fitila, ka kauce daga saitin ƙofa da taga. Waya a kashe mata ƙara da girgiza duka. Kada ka buɗe don kawai wani ya ce shi jami'i ne. Wanda ya kashe mutum 69 a tsibirin Utoya na ƙasar Norway a 2011 kayan 'yan sanda ya sa, yana kiran matasa su zo gare shi.

Batun faɗa shi ne inda ya kamata a yi hattara. Turawan Birtaniya ma ba su sa shi cikin tasu shawarar ba, cewa suka yi a gudu, a ɓuya, a sanar da hukuma. Duk da haka, a nazarin FBI ɗin nan, sau 21 mutanen da ba su da makami ne suka danne maharin. A Christchurch ta ƙasar New Zealand, ranar Juma'a 15 ga Maris, 2019, inda aka kashe masallata 51, Naeem Rashid ya yi kukan kura kan maharin a masallacin Al Noor, ya rasa ransa. A masallacin Linwood, Abdul Aziz ya rarumi na'urar biyan kuɗi da kati ya jefi maharin, daga baya ya ɗauki wata bindiga da babu harsashi a cikinta ya wurga wa motarsa, gilashi ya tarwatse, mutumin ya tsere. Jarumai ne, Allah ya saka musu. Sai dai maharin nan shi kaɗai ne. Masu kai hari a ƙauyuka da hanyoyin arewacin Najeriya a ayari suke zuwa, kan babura, kowa da bindigarsa. Tunkarar irin waɗannan da hannu ba jarumta ba ce. Faɗa na ranar da tura ta kai bango ne, ga mahari a gabanka, babu ƙofa babu taga, kuma a lokacin sai a taru a far masa gaba ɗaya da kujera, da tukunyar kashe gobara, da duk abin da hannu ya kai.

In ka kuɓuta, ka yi nisa tukuna kafin ka kira lambar gaggawa ta 112. Jami'an da suka iso ba su san mai laifi da mai gudu ba, don haka hannuwa a sama, tafuka a buɗe, babu komai a ciki ko da waya ce. Za su iya wuce masu rauni ba su tsaya ba, domin aikinsu na farko tsayar da harbin ne.

Nan ne aiki ke dawowa kan talaka. Zubar jini mai tsanani na iya kashe mutum cikin 'yan mintoci, abin da ya sa Amurka ta ƙaddamar da shirin koya wa jama'a tsayar da jini a 2015. Ka naɗe tsumma mai tsabta ko riga, ka danna kan raunin da hannu biyu da dukkan nauyinka, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In a hannu ne ko ƙafa kuma jini na tsartuwa, ka ɗaure da ɗankwali ko rawani kamar faɗin yatsu uku sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, ka sa sanda cikin ƙullin ka murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi zafi ƙwarai, kada ka sassauta, kuma ka riƙe lokacin da ka ɗaura don ka gaya wa likita. Daga nan sai asibiti mafi kusa. Tun 2017 akwai doka a Najeriya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, kuma ta hana a tsangwami wanda ya kawo shi.